Gem ɗin besbol na kwamfuta: ya cancanci a saya, ko asarar kuɗi ne?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Na daɗe ina buga Football Manager, sai wani aboki ya ce min akwai irinsa na besbol mai suna Out of the Park Baseball, wai ma ya fi shi zurfi. Na duba na ga an yi masa ragi a Steam, shagon sayar da gem ta intanet. Damuwata biyu ce. Besbol ɗin ban san shi sosai ba, sanina bai wuce gajerun bidiyon Shohei Ohtani, shahararren ɗan wasan nan na Japan, da nake cin karo da su ba, amma wasan yana burge ni. Sannan laftof kawai gare ni, ba ni da PlayStation ko Xbox. Ya cancanci in saya, ko kuwa kuɗina zan zuba a abin da zan buɗe yau in manta da shi gobe?

Gwanin Hannu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Out of the Park ba gem ba ne da za ka riƙe hannu ka buga. Shafuka ne na lambobi, jadawali bisa jadawali, kana danna maɓalli kwamfuta tana faɗa maka wanda ya ci. Ba kai ke jifa ba, ba kai ke duka ba. In kana so ka ji besbol a jikinka, MLB The Show za ka nema. San Diego Studio na kamfanin Sony ke yin sa tun 2006, kuma har yau babu wanda ya kama ƙafarsa wajen motsin 'yan wasa da kyan filaye da ƙarar sanda idan ta haɗu da ƙwallo. Da can sai a PlayStation, amma a 2021 ya shigo Xbox, a 2022 kuma ya shigo Nintendo Switch. Akwai Road to the Show a ciki, inda za ka ƙirƙiri ɗan wasanka ka taso da shi daga ƙananan ƙungiyoyi har ya shiga babbar gasa.

Sabon Shiga:
Na gode yaya. Amma laftof gare ni kamar yadda na ce. Akwai shi a kwamfuta?

Gwanin Hannu:
A'a, har zuwa na 2025 ba su fitar da shi a kwamfuta ba. Nan ne kawai matsalar.

Mai Ƙididdiga:
Ba ƙaramar matsala ba ce kuwa, tunda ita ce tambayar da aka yi. Kuma Malam Gwanin Hannu, ka tsallake magana ta farko da bawan Allahn nan ya faɗa: Football Manager yake bugawa. A can ma ai ba shi ke harba ƙwallo ba. Wanda yake jin daɗin zama yana duba rahoton masu farautar 'yan wasa da lissafin albashi, ba za ka tsorata shi da jadawali ba.

Sabon Shiga, ni amsata ita ce ka saya. Wani Bajamushe mai suna Markus Heinsohn ne ya fara gem ɗin a 1999, tun 2015 yake da lasisin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, kuma a 2020 kamfanin Com2uS na Koriya ta Kudu ya saye masu yin sa. Yana tafiya a Windows da Mac da Linux, kuma ba ya bukatar kwamfuta mai ƙarfin hoto, laftof na yau da kullum ya ishe shi.

Abin da ya sa nake ganin ya fi na ƙwallon ƙafa kama da gaskiya ba wai masu yin sa sun fi wayo ba ne, yanayin wasan ne. A ƙwallon ƙafa mutum 22 ke motsi a lokaci guda, kowa yana shafar kowa, kwamfuta sai dai ta kintata. Besbol kuwa a gutsure yake: mai jifa ɗaya, mai duka ɗaya, jifa ɗaya, sakamako ɗaya, a rubuta, a sake. Ƙungiyoyi 30 ne a MLB, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, wato wasanni 2,430 ke nan kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Ɗan wasan da ake sawa kullum yakan fuskanci mai jifa wajen sau 600 a shekara. Tun ƙarni na 19 ake adana waɗannan alƙaluma, kuma daga 2015 na'urorin Statcast suna auna gudun kowace ƙwallo da juyawarta a duk filayen gasar. Wasan da aka ƙidaya shi haka, kwaikwayonsa a kwamfuta yana fitowa daidai. Tun kafin kwamfuta ma mutane suna yin wannan da kati da ɗan lido, kamar Strat-O-Matic da ya fito a 1961.

A Out of the Park za ka iya ɗaukar kowace kaka tun daga 1871 ka sake buga ta da 'yan wasan zamanin. Za ka iya ƙirƙirar gasarka a ƙasar da ka ga dama, da dokokinka. Kuma harkar shugabancin ƙungiya daban take da wadda ka saba. Babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba, musaya ake yi: ka ba ni gwaninka, in ba ka matasa uku. Ana zaɓen sabbin matasa duk shekara, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne a sahun gaba. Yaron da ka yi renonsa yana hannunka har sai ya cika shekara 6 a babbar gasa kafin ya samu 'yancin tafiya inda yake so, kuma daga wajen shekara ta uku yake fara jayayya da kai kan albashi a gaban masu sasanci. Babu iyakar albashi ta dole, sai dai haraji ga wanda ya wuce wani mizani. Shi ya sa Dodgers suka iya ba Ohtani kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10 a ƙarshen 2023, yayin da wasu ƙungiyoyin dole su rayu da dabara. Ɗauki ɗaya daga cikin matalautan nan ka gwada kai ta ga kofi, za ka ga inda dare yake tafiya.

Gwanin Hannu:
Duk na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma dubi tsawon bayanin da ka yi, kuma har yanzu ba ka gaya masa yadda ake cin maki ba. Mutumin da ya ce bai san wasan ba, ka tura shi ya yi shawara kan kwantiragin mai jifa na biyar? Football Manager ya yi masa sauƙi ne saboda tun yana yaro ya san aikin mai tsaron baya da na ɗan gaba. A nan zai buɗe shafin ɗan wasa ya ga gajerun haruffa birjik da lambobi masu ɗigo, duk da Turanci, bai san wanne ne mai kyau ba. Sai ya bar wa kwamfuta komai, daga nan ya zama ɗan kallo a gem ɗin da ya saya da kuɗinsa.

Kawun Zaure:
Ku yi haƙuri in sa baki, 'ya'yana. Kowannenku yana kare abin da yake so ne, kuma dukanku kuna da gaskiya a ɓangarenku, amma akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba.

Da farko ya kamata Sabon Shiga ya san dalilin da ya sa mai kwamfuta yake shan wahala a wannan fanni. Mu da muka buga MVP Baseball 2005 na kamfanin EA mun san lokacin da kwamfuta take da gem ɗin besbol na gani na faɗa. A shekarar ce kamfanin Take-Two ya ƙulla yarjejeniyar da ta hana sauran kamfanoni masu zaman kansu yin gem da sunan MLB, in ban da masu ƙera na'urorin gem irin su Sony. EA ya fita daga harkar. Jerin MLB 2K da ya maye gurbin bai gamsar da mutane ba, ya tsaya a 2013. An farfaɗo da R.B.I. Baseball a 2014, shi ma ya tsaya bayan na 2021. Saura Sony shi kaɗai a fili. Har shekaru da yawa bayan haka masoya suna ta yi wa MVP 2005 kwaskwarima da kansu, suna sa sabbin 'yan wasa da riguna, don babu madadinsa.

Abin da ya cike giɓin nan shi ne Super Mega Baseball. Wani ƙaramin kamfani ne a Kanada, Metalhead Software, ya fara shi a 2014, EA ya saye kamfanin a 2021, na huɗu ya fito a 2023, kuma yana Steam. Kada hotonsa ya ruɗe ka, ɗana. 'Yan wasan kamar na zanen yara suke, manyan kafaɗu da ƙananan ƙafafu, ƙungiyoyin kuma ƙirƙirarru ne, ba za ka ga Yankees ko Dodgers ba, ko da yake na huɗun ya kawo tsofaffin gwanaye sama da 200 irin su Babe Ruth da Hank Aaron da David Ortiz. Amma dokokin na gaske ne, tafiyar ƙwallon ta gaske ce. Abin da ya fi komai amfani gare ka shi ne ma'aunin wahalarsa da suke kira Ego, wanda yake hawa ɗaya bayan ɗaya har 99, kuma za ka iya saita na duka daban, na jifa daban, na tsaron fili daban. Ka fara a ƙasa inda ƙwallo ke zuwa a hankali, duk lokacin da ka ga kana cin wasa ba wahala ka ƙara kaɗan. Ban san wani gem na wasanni da ya kai shi iya koyar da baƙo ba.

Shawarata: fara da wannan. Out of the Park ba zai gudu ba.

Sabon Shiga:
Allah ya ƙara girma, Kawu. To don Allah ko a taƙaice, yaya ake cin makin? Ina ganin mutum ya doki ƙwallo ya ruga, wani lokaci kuma bai doka ba amma ya taka a hankali ya tafi, wani lokacin alƙali ya ɗaga hannu ya koma benci.

Kawun Zaure:
Fili yana da tasha huɗu a jere kamar murabba'i, ƙafa 90 tsakanin kowacce da ta gaba. Mai duka yana tsaye a ta gida. In ya doki ƙwallo sai ya ruga, burinsa ya zagaye tashoshi ukun ya dawo gida, wannan shi ne maki ɗaya. Ba dole ya yi a tashi ɗaya ba, yana iya tsayawa a tasha ya jira abokinsa ya doka ya matsar da shi. In ya doka ta tsallake katanga ta gaba, shi da duk waɗanda ke kan tashoshi sun ci. Ƙungiyar da ke tsaro tana neman fitar da mutum uku, da ta samu sai a yi musanya. Zagaye 9 ake yi.

Wanda ka ga ya koma benci sitiraik uku aka yi masa: ko ya kai duka ya kuskure, ko ƙwallo ta ratsa inda ya kamata ya doka bai motsa ba. Wanda ya taka a hankali kuma, mai jifa ne ya jefa masa huɗu a wajen wurin, irin wannan jifar ake kira bol, shi kuma ya yi haƙuri bai kai musu duka ba, sai aka ba shi tashar farko kyauta.

Gwanin Hannu:
Yawwa Kawu, nan nake so a zo. Wannan lissafin na sitiraik da bol shi ne ran wasan, kuma ba a karanta shi a jadawali, sai an tsaya a gaban ƙwallo. Tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 60 da inci 6 ne, mita 18 da ɗan ɗoriya. Jifa mai gudun mil 95 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokacin za ka gane ko miƙaƙƙiya ce, ko mai lanƙwasa ce da za ta faɗi ƙasa a gabanka, ko mai yaudara ce da ta fito kamar mai gudu alhali a sanyaye take.

Yanzu a ce an yi maka sitiraik biyu, babu bol ko ɗaya. Mai jifa ba ya bukatar ya ba ka mai kyau. Zai jefa ta waje, ko cikin ƙasa, yana fatan tsoro ya sa ka kai mata duka. Kai kuma ka san haka, amma in ka tsaya ta ratsa tsakiya, ka fita. Juya lamarin: bol uku, sitiraik ɗaya. Yanzu shi ne a matse, dole ya kawo ta inda za ka iya doka, kai kuma ka shirya mata. Mutum biyu ɗin nan dai ba su canja ba, amma wasa ya canja gaba ɗaya. Ranar da ka fara riƙe hannunka ka bar mai lanƙwasa ta wuce, ranar ka fahimci dalilin da ya sa manajoji ke biyan kuɗi mai yawa ga ɗan wasa mai haƙuri. Bayan haka in ka buɗe Out of the Park ka ga lambar da ke nuna idon ɗan wasa, ka san abin da take nufi. A kan wannan ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari.

Mai Ƙididdiga:
Bayanin nan ya yi kyau, ban da ja a kansa. Inda na saɓa muku shi ne cewa dole sai ta hannu ake shiga. A Out of the Park ma kana iya buga wasa jifa bayan jifa a matsayin koci: kai ke cewa a yi satar tasha (wanda ke kan tasha ya ruga ta gaba ba tare da jiran duka ba), a canja mai jifa, a matso da masu tsaro. Ana nuna fili da motsin 'yan wasa, ana rubuta abin da ke faruwa. Mutane da yawa a nan suka koyi wasan.

Kuma akwai darasin da gem ɗin hannu yake koyarwa a karkace. In yatsunka suka ƙware, za ka riƙa cin kusan kowane wasa, ɗan wasanka yana doka rabin abin da aka jefa masa. Besbol na gaske ba haka yake ba. Wanda ya samu duka mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ne. Rabon da wani ya kai 4 cikin 10 a kaka guda a manyan rukunoni biyu na MLB, American League da National League, tun Ted Williams a 1941. Seattle Mariners sun ci wasa 116 a 2001, amma duk da haka sun sha kashi sau 46, kuma ba su ɗauki kofi ba. Chicago Cubs sun jira daga 1908 har 2016. Wasa ne da gwani yake faɗuwa kullum, kuma ba a gane nagartar shawara sai bayan watanni. Gwaninka zai yi mako biyu bai doka komai ba, ka zaunar da shi ko ka yi haƙuri? Matashin da masu farautarka suka yaba ya kai shekara 24 bai nuna komai ba, ka sayar ko ka jira? Wannan ɗanɗanon ba ya cikin Super Mega Baseball. Can ko musayar 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi babu, sai ɗauka da sallama. Mai son Football Manager zai ji wurin ya yi masa ƙunci da wuri.

Uwar Biyu:
Sannunku da muhawara. Ni ba gwanar besbol ba ce, yarana ne ke buga irin waɗannan, ni ke biya, don haka nake karanta bayanan gem kafin a saya. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ƙanena Sabon Shiga ya kamata ya sani: kuɗin da ke jikin gem ba shi ne ƙarshen kuɗin da za a nema a wurinka ba.

MLB The Show yana da Diamond Dynasty, inda ake tara katunan 'yan wasa, kuma ana sayar da kuɗin cikin gem mai suna Stubs da kuɗin gaske. Out of the Park ma da ake ta yabo yana da nasa, Perfect Team, da fakitin kati da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Ka biya, ka buɗe, ko ka dace ko ka tashi a tutar babu, zuciya ta ce ƙara ɗaya. Ba ni kaɗai ke ganin haɗarin wannan ba: a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu. Abin da ya fi damuna, idan sabon gem ya fito baɗi, katunan bana ba sa bin ka, daga farko za ka sake. Babba mai hankali ma yana iya zurmawa, balle yaro.

Ban ce kada a saya ba. Na ce duk wanda ya saya ya yanke wa kansa hukunci tun ranar farko cewa ba zai ƙara ko sisi a ciki ba, kuma kada ya bar katin banki a maƙale da asusun.

Gwanin Hannu:
Gaskiya ne Anti, kuma shawarar katin banki ta yi. Sai dai a yi wa The Show adalci: cikin gem ɗin wasanni masu kati, shi ne aka fi sani da barin mutum ya haɗa ƙungiya mai ƙarfi ba tare da ya biya ba. Kana samun kati ta hanyar kammala ayyuka da buga wa kwamfuta, kuma akwai kasuwa da 'yan wasa ke saye da sayarwa a tsakaninsu. Lokaci yake ci maimakon kuɗi.

Abin da zan ƙara na gargaɗi shi ne buga wa mutane ta intanet. Tunda duka a besbol lamari ne na ƙiftawar ido, in layinka yana da ɗan jinkiri, ko kana nesa da abokin karawarka, za ka ga ka danna a kan lokaci amma sanda ta makara. A gem ɗin ƙwallon ƙafa ana iya jure wannan, a nan ba a iyawa. Duk wanda intanet ɗinsa ba tsayayye ba ne ya sayi gem don abin da zai buga shi kaɗai.

Mai Ƙididdiga:
Anti ta faɗi gaskiya a kan Perfect Team. Amma ɓangare ne daban, ba ya taɓa ainihin gem ɗin. Kana iya shekara kana bugawa ba ka leƙa shi ba, kuma ba ka bukatar intanet don tafiyar da gasarka.

Ba Na Gaggawa:
Ni tambayar da nake ganin ta fi muhimmanci ba wanne ba ce, yaushe ce. The Show da Out of the Park duk shekara suke fitowa, wajen watan Maris, dab da fara kaka. Sabon The Show a PlayStation 5 dala 69.99 ne. Me ake ba ka a kan na bara? Sabbin sunaye, sabon hoto a bango, gyare-gyare kaɗan. Akwai shekarar da sabuntawa take da dalili, kamar 2023 da MLB ta canja dokoki: aka kawo agogon jifa, daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha, aka hana tara masu tsaro a gefe guda, aka ƙara girman tashoshi. Tsawon wasa ya sauko daga sama da awa 3 zuwa wajen awa 2 da minti 40, satar tasha ta ƙaru. Wannan canji ne da ya shafi dabara. Amma yawancin shekaru ba haka ba ne.

Ga baƙo kuwa, duk wannan bai shafe shi ba. Wanda bai san 'yan wasan bana ba, me zai rasa in ya samu na bara? Kaka tana ƙarewa ƙarshen Satumba, a yi World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, a Oktoba, kuma farashin waɗannan gem yana sauka ne yayin da kaka ke tsufa. Out of the Park ma yana barin ka ɗauko gasar da ka fara a tsohon ka ci gaba da ita a sabo.

Sannan Steam yana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Awa 2 sun isa ka gane ko Super Mega Baseball yana tafiya lafiya a laftof ɗinka, kuma ko hannunka ya karɓe shi. Ba su isa ka gane Out of the Park ba, kafin ka gama duba ƙungiyarka sun ƙare. Ka sa wannan a lissafi.

Mai Son Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan karkata. In da wani a nan yana da na'urar da The Show ke tafiya a kai, na 2023 ya cancanci a nema saboda abu ɗaya, Storylines. Sun haɗa kai da gidan tarihin Negro Leagues da ke Kansas City, shugabansa Bob Kendrick yana ba da labarin gasannin da baƙaƙen fata suka kafa wa kansu lokacin da aka hana su shiga MLB, kai kuma kana buga muhimman lokutan rayuwarsu. Akwai Rube Foster da ya kafa gasar a 1920, akwai Satchel Paige, akwai Jackie Robinson kafin ya karya shingen a 1947 da Brooklyn Dodgers. A 2024 MLB ta shigar da alƙalumansu cikin kundinta, Josh Gibson ya koma kan gaba a matsakaicin duka na tsawon rayuwar wasa. Ban taɓa ganin gem ɗin wasanni ya girmama tarihi haka ba.

Kawun Zaure:
Madalla da wannan tunatarwa. Wannan ɓangaren ya taɓa ni ƙwarai. Ga masu Switch ko PlayStation 4 kuma, Konami ya fitar da WBSC eBaseball: Power Pros a 2023 a kan ƙasa da dala ɗaya. Japanawa sun daɗe a wannan sana'a, tun 1994 suke yin jerin. Amma wannan bai shafi mai laftof ba.

Sabon Shiga:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsayar. Zan ɗauki Super Mega Baseball 4 in gwada a cikin awa biyun nan in ga ko laftof zai ɗauka, in koyi lissafin sitiraik da bol da yaya Gwanin Hannu ya bayyana. Amma maganar gaskiya, bayanin Malam Mai Ƙididdiga kan ɗaukar matalauciyar ƙungiya shi ne ya fi kama zuciyata, kuma na san can zan ƙare. Anti, na ji gargaɗinki, ba zan taɓa katunan ba. Tambaya ta ƙarshe: kibod ya isa, ko sai na nemi hannun gem?

Gwanin Hannu:
Nemi hannu. Yana karɓar kibod da maus, amma saita wurin duka da sandar yatsa ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Na Xbox yana aiki a Windows kai tsaye. Ka fara Ego a ƙasa sosai, kada ka ji kunya, kuma wasannin farko ka hana kanka duka har sai an yi maka sitiraik ɗaya, don idonka ya saba da tafiyar ƙwallo.

Mai Ƙididdiga:
Har yanzu ina ganin da ka shiga Out of the Park kai tsaye da ba ka yi nadama ba, tunda ragin yana nan, amma hanyar da ka zaɓa ba ta da aibi. Ranar da ka zo, kada ka karɓi komai a hannunka lokaci guda. Akwai shafin da ake raba aiki: bar wa mataimakanka ƙananan ƙungiyoyin reno da jerin masu jifa, kai ka riƙe musaya da kwantiragi da zaɓen matasa. Saita ma'aunin 'yan wasa a kan 20 zuwa 80, shi masu farauta na gaske ke amfani da shi, 50 ne matsakaici, duk wanda ka ga yana da 70 a wani fanni ka riƙe shi da kyau. Kuma kakar farko kada ka yi musaya ko ɗaya kafin watan Yuni, ka bari ka ga su waye 'yan wasanka tukuna.

Sabon Shiga:
Na rubuta duka. Wace ƙungiya zan fara da ita?

Mai Ƙididdiga:
Kakar koyo ɗauki mai kuɗi, Dodgers ko Yankees, don kuskure ɗaya ba zai rusa ka ba. In ka gane kan abin, koma Tampa Bay Rays ko Pittsburgh Pirates, ko ka buɗe kakar 2002 ka karɓi Oakland, shekarar da suka ci wasa 20 a jere da ɗaya daga cikin mafi ƙarancin albashi a gasar, ka ga ko za ka iya kai su inda su ba su kai ba.